Masu Gadin da Ido Ba Ya Gani

SHAFI NA 19

Masu rantsuwa cewa Dogo ne ya kawo ciwon, da masu rantsuwa cewa ba shi ba ne, na ga faɗanku har ya fi labarin tsawo. To kowa ya ajiye sandarsa ya gyara zama. Matan aure, ku kam ku karanta wannan shafin a nutse.

*

"Ni fa har yanzu ban yarda ba."

Yaya ce ke maganar, tana gaba tana saɓe da ƙatuwar jakarta. Auta na biye da ita a barandar asibitin.

"Takarda ce fa kawai Likita ta karanta mana. Takarda kuwa ko ni sai in zauna in rubuta. Wai ba a ga irin cutar da namiji ke ɗebowa a waje ba! To daga sama ta faɗo miki?"

"Yaya, don Allah ki rage murya."

"In rage murya? Mutum yana yawo gari-gari da babbar mota, yau ya kwana nan gobe ya kwana can, ya dawo ya zuba miki ciwo, sannan ni ce zan rage murya?"

Auta ta sunkuyar da kai ta ci gaba da bin ta.

Watanni ke nan wani ruwa mai ƙarni da ke fita daga gabanta ya hana ta sakat. A shagonta na ɗinki, in za ta auna mace sai ta tsaya nesa-nesa tana miƙa hannu, don kada a ji. Da ta kasa jurewa ta gaya wa Yaya, wadda ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Yaya ko numfashi ba ta ja ba ta yanke hukunci: Dogo ne, mijin Auta. Direba ne, me ake jira?

Da bakinta Auta ta faɗa wa mijinta maganar da har yau ba ta son tunawa. Ya rantse, ya sake rantsewa. Ta kwashi yaranta biyu da kan keken ɗinkinta ta koma gidan Yaya. Bai bi ta da faɗa ba. Abu ɗaya ya roƙa: ta je a gwada.

Ta daɗe tana zille wa gwajin, don an tsorata ta da shi. Ashe ba komai ba ne. Nas ta ja labule, ta ce ta saki jikinta, ta sa wani dogon tsinke mai auduga a baki ta ɗan shafo ruwan. Kafin Auta ta kai ƙarshen addu'ar da ta faro, nas ta ce ta tashi an gama.

Yau sakamako ya fito. Da Yaya ta bugi tebur ta ce ƙarya ne, Likita ko ɓata rai ba ta yi ba. Waya ta ɗauka ta yi 'yar magana, sannan ta ce, "Ku sauka ɗakin gwaji. Ku gani da idonku."

A kan benci kusa da matakala Dogo ke zaune, ya naɗe dogayen ƙafafunsa don kada masu wucewa su yi tuntuɓe. Tun safe yake nan. Da ya hango su ya miƙe.

Yaya ta ja tsaki ta wuce. Auta ta kasa ɗaga ido. Takalminsa kawai ta gani.

*

Sanyi ne ya fara tarbarsu a ɗakin gwajin. Firji biyu na gurnani a jikin bango, ga jerin ƙananan kwalabe masu murfi kala-kala, ga wurin wanke hannu da ya rine ya koma shunayya. Wata gajeriyar mace mai farar riga ta taso, tabarau na rataye da igiya a wuyanta.

"Ku ne Likita ta turo? Sannunku. Wace ce mai gwajin?"

Auta ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Kin yarda Hajiya ta ga abin da zan nuna miki? Jikinki ne, sirrinki ne."

"Yayata ce, Malama."

"Ni na yi mata wankan jarirai," in ji Yaya. "Wane sirri kuma?"

Malamar gwaji ta yi murmushi ta shigar da su wani ɗan ɗaki a gefe, inda take koyar da ɗalibai. Madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa na kan tebur, baƙi da fari, da idanu biyu a sama, an haɗa shi da allon kwamfuta. Ta sa safar hannu, ta buɗe wani akwati, ta zaro ɗan gilashi siriri da bai wuce tsawon yatsa ba. A tsakiyarsa akwai wani dishi-dishin launi, kamar an goge jan-baki da ɗan yatsa.

"Wannan ke ce," ta ce wa Auta.

"Ni?"

"Ke. Abin da audugar nan ta shafo, shi muka shimfiɗa a nan, muka busar, muka rina. Amma ba da ke zan fara ba. Sai kin ga gida mai lafiya kafin ki gane wanda aka yi wa ɓarna."

Ta ajiye shi, ta ɗauko wani gilashin na koyarwa, ta ɗiga masa ɗigon mai, ta sa a ƙarƙashin madubin. Ta murza wani abu a gefe a hankali.

Allon ya yi hazo. Ya ƙara hazo. Sai kawai ya buɗe.

"Subhanallahi!"

Auta ba ta san ta faɗa ba.

Ta yi shekaru tana yanka yadi, ta ga zane iri-iri, amma ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Wasu manyan faifai ne ruwan hoda, a shimfiɗe, kowanne da ɗigon ido a tsakiya, bakinsu tsaf kamar an bi shi da kalmasa. A tsakaninsu kuwa, ga wasu 'yan sanduna shunayya birjik, dogaye sirara, kamar an zazzage gwangwanin allurai a kan sabon yadi.

"Wannan a jikin mutum yake?"

"A gaban mace mai lafiya. Manyan nan ɓawon fatar ciki ne, kullum jiki na zubar da su yana yin sabo. Ƙananan sandunan nan kuma rayayyu ne."

"Rayayyu?" Yaya ta ja da baya. "Tsutsotsi? A'uzubillahi! Wannan matar ai ƙazama ce."

"Ita ce mai tsafta, Hajiya. Ke ma kina da su, ni ma ina da su, in dai muna lafiya. Masu gadi nake ce wa ɗalibaina. Ba su barci, ba su hutu. Aikinsu su riƙa fitar da wani ɗan tsami da ke hana miyagun ƙwayoyi zama. In sun cika wuri, baƙo ba ya samun wurin ajiye ƙafa."

Auta ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Su nawa ne, Malama?"

"A ɗigo ɗaya sun fi mutanen da kika taɓa gani tun da aka haife ki."

"A ɗigo ɗaya?"

"A ɗigo ɗaya."

"Kuma ban taɓa jin motsinsu ba. Ban taɓa ba su abinci ba."

"Jikinki ke ciyar da su, ba tare da ya yi shawara da ke ba."

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ta dafa mararta da tafin hannu ba tare da ta lura ba. Duk tsawon rayuwarta wurin nan abin kunya ne, abin ɓoyewa, abin da ake ambata da raɗa. Ashe gari ne guda, da mazauna, da masu tsaro a bakin ƙofa. Tana ɗinki suna aiki. Tana barci suna aiki. Tana naƙudar yaranta suna nan.

"Allah mai iko," ta ce a hankali. "Allah mai iko."

"Zo ki leƙa da idonki, ya fi allon kyau."

Ta sunkuya ta sa idanu. Da fari duhu ta gani da gashin idonta. Malamar ta ɗan gyara mata kai. Sai ga wani zagayayyen haske kamar farin wata, duniyar nan ta cika shi fal. Ta riƙe numfashi, don gani take in ta hura za su watse.

"To," in ji Malamar gwaji. "Yanzu ga naki."

Ta canja gilashin.

Auta ta duba allon. Ta sake dubawa.

"Ina sandunan?"

"Nemo su."

Ta bi allon da yatsa daga sama har ƙasa. Can a kusurwa ta ga ɗaya, shi kaɗai, kamar wanda aka manta a tasha.

"Ga ɗaya."

"Ga wani can. Sun ƙare ke nan a wannan filin."

Sauran wurin kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin ɗigo ne suka mamaye shi, kamar an watsa yashi. Sun hau kan manyan faifan nan sun lulluɓe su, har ba a gane bakinsu. Babu kalmasa, duk gefen ya zare ya yi buzu-buzu.

"Waɗannan fa?" in ji Auta.

"Su ne masu ƙarnin da ke damunki."

"Yauwa!" Yaya ta tafa hannu. "Ga su nan! Su ne ya kwaso mata!"

"A'a, Hajiya. Irin waɗannan ana samun 'yan kaɗan ɗinsu a jikin mata da yawa, suna raɓe a lungu ba su da ta cewa. Sai masu gadi sun ragu suke samun sarari su hayayyafa. Bari in nuna muku ɗaya daga cikin waɗanda ake ɗauka wurin kwanciya."

Ta danna kwamfutar. Wani hoto mai motsi ya fito, ba launi, kamar ruwa a cikin kofi. A ciki wani abu mai siffar ɗigon hawaye yana ta mutsu-mutsu, yana kaɗa wasu siraran gashi a goshinsa, yana ture na kusa da shi.

Yaya ta yi tsalle ta riƙe ƙofa.

"Innalillahi! Yana tafiya! Malama, kashe shi!"

"Hoto ne, Hajiya, ba zai fito ba." Malamar ta danne dariyarta. "Wannan shi muka fara nema, tun audugar na da ɗumi, a cikin ɗigon ruwan gishiri. Na bi gilashin ƙanwarki lungu-lungu, babu shi. Akwai wasu kuma da ke ɓuya, ido ba ya kama su ko da madubi. Su na'ura muke ba wa, waccan mai kama da akwatin burodi. Kowace ƙwaya da tambarin da Allah Ya yi ta da shi, na'urar tambarin take karantawa. Ta nemi wannan mai iyon, ta nemi sauran, ba ta samu ko ɗaya ba."



Yaya ta gyara mayafi. Ba ta saba faɗuwa a magana ba.

"To ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah. Gilashin nan ya ce Dogo ba ya neman mata?"

"Gilashin nan ba ya ganin zuciyar mutum, Hajiya. Abin da ke kansa kawai yake nunawa. Abin da ke kansa kuwa ba shaidar cin amana ba ne. Matar da mijinta bai taɓa kallon wata ba tana iya samunsa."

"To me ya kashe masu gadin nata?"

"Abubuwa da dama na rage su. Wani lokaci ma ba a gano dalili. Amma akwai tambayar da nake yi wa kowa." Ta juyo wurin Auta. "Ƙanwata, da me kike tsarki?"

Auta ta buɗe baki, Yaya ta riga ta.

"Ah, in dai tsafta ce, nan kam kin taɓo inda muka fi ƙarfi. Ƙanwata ba ruwa kawai take amfani da shi ba kamar 'yar ƙauye."

Ta zuge jaka, ta zaro wata doguwar kwalbar roba mai hoton furanni, da ɗan bututu a bakinta. Ta dangwara ta a kan tebur tana murmushi. Ƙamshi ya cika ɗakin.

"Ni nake saro shi, ni nake sayarwa. Matsawa ake yi ya shiga can ciki ya wanko komai tas. Tun da ta yi haihuwar ƙarshe na ɗora ta a kai. Da ƙarnin nan ya fara ma cewa na yi ta ƙara, safe da rana da yamma."

Malamar gwaji ta miƙa hannu. Ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta nemi inda aka rubuta abin da ke ciki, babu. Ta buɗe aljihun tebur ta yago wata 'yar siririyar takarda ruwan ɗorawa.

"Wannan takardar tsami take ji. In ta taɓa ruwan jikin mace mai lafiya, kusan yadda take haka za ta zauna. Ku duba."

Ta ɗiga mata ɗigo ɗaya daga kwalbar.

Kan ka ce me, takardar ta juye ta koma shuɗiya mai duhu.

Auta ta kama baki.

"Haka take yi in ta taɓa ruwan sabulun wanki," in ji Malamar a hankali. "Masu gadin nan a cikin tsami suke rayuwa. Duk matsawa ɗaya, an kwashe su da ambaliya, an kuma kashe tsamin da 'yan saura za su farfaɗo a ciki. Waɗancan 'yan yashin kuwa, abin da suke so ke nan. Sai ƙarni ya taso. Sai mace ta ji ƙarni ta ƙara wankewa. Sai ƙarnin ya ƙaru."

Murmushin Yaya ya daskare a fuskarta.

"Ba zan rantse miki cewa shi kaɗai ne ba," Malamar ta ci gaba. "Amma in kin tambaye ni wa na fi zargi a ɗakin nan, ga shi a kan tebur."

Auta ta dubi kwalbar. Ta dubi allon, inda mai gadin nan guda ke tsaye a kusurwa cikin yashi. Wani irin tausayinsa ya kama ta, har hawaye ya cika mata ido. Da hannunta. Kullum da hannunta, tana bismillah, tana ganin gyara take yi.

"Yaya," ta ce.

"Ni... ai kowa na saye. Har matan manya. Ƙamshinsa fa..."

"Yaya, na ce wa uban 'ya'yana mazinaci."

"Auta, ni don ke na..."

"A gaban yayansa na faɗa. Na ce ya je ya ɗebo min cutar tasha."

Yaya ta nemi kujera ta zauna, jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

Auta ta share ido da bakin mayafi.

"Malama, mijina na waje. Zai iya shigowa?"

"In ke kika so."

*

Sai da Dogo ya sunkuyar da kai kafin ya wuce ƙofar. Ya cire hula ya riƙe a hannu kamar ya shigo wurin manya. Ya gaida Malamar, ya gaida Yaya. Yaya ta amsa a ciki, idonta a ƙasa.

Malamar ta mayar da gilashin farko, ta yi masa bayani a taƙaice. Ya lanƙwasa dogon bayansa ya sa ido a madubin. Ya daɗe a haka. Hular ta suɓuce daga hannunsa.

"La'ilaha illallahu," ya ce, bai ɗago ba. "Malama, duk wannan a jikin mutum ɗaya?"

"A ɗan wuri ƙanƙani ma."

"Na shiga manyan tashoshi a rayuwata, ban taɓa ganin cinkoso irin wannan ba. Kuma ba mai karo da wani." Ya girgiza kai. "Mu muna ta kallon sama muna cewa ikon Allah, ashe wani ikon na nan muna yawo da shi a wando."

Dariya ta kuɓuce wa Malamar. Auta ma ta yi, dariya mai haɗe da kuka.

Aka sa masa na matarsa. Ya duba, fuskarsa ta canja. Ya miƙe tsaye sosai.

"To, Malama, a cikin waɗannan wanne ne nawa?"

"Ban ga wanda ya zo da sunanka ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai dubi Yaya ba. Bai dubi kwalbar ba, ko da yake tun shigowarsa ya gane ta, don ya sha ganin irinta a banɗakinsu. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa yana kakkaɓewa, alhali ba abin da ya taɓa ta.

"Baban yara..." in ji Auta.

"Ba a nan ba."

"Don girman Allah ka ji ni."

Sai a lokacin ya dube ta. Idanunsa sun yi ja.

"Na rantse miki da Allah, ba ki yarda ba. Yau gilashi ya yi magana, kin yarda."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Da ma zagi ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ya juya wurin Malamar, ya sassauta murya.

"Za ta warke?"

"Da yardar Allah. Likita ta rubuta mata magani, ta shanye shi duka ko da ta ji sauƙi a tsakiya. Can ciki kuma ta ƙyale shi, shi ke wanke kansa. Ruwa zalla, daga waje, ya wadatar."

"Su kuma waɗannan bayin Allah, masu gadin? Sun tafi ke nan?"

"'Yan sauran nan da ka gani, in an bar su sun huta, su ne za su sake cika gidan. Wani lokaci ciwon kan dawo. In ya dawo kada a yi ta zargi, kada a yi ta saye-saye. A zo a sake shafo audugar mu duba."

Dogo ya sake leƙa allon, ya nuna mai gadin kusurwar da yatsa.

"Wannan ya yi ƙoƙari," ya ce. "An kore kowa, shi ya ƙi tafiya."

Bai dubi Auta ba da ya faɗa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafinta.

"Malama."

Muryar Yaya ce, amma kamar ba tata ba. Ta yi ƙasa, ta dushe.

"Mata da yawa na saye a wurina. Wasu ma kyauta nake ba su."

"Ki gaya musu su daina, Hajiya. Wadda ke jin wani abu ta zo a gwada ta. Ba abin kunya ba ne, kin ga dai yadda ake yi." Malamar ta fara cire safar hannu, sai ta tsaya. "A cikinsu dai babu mai ciki ko?"

Yaya ta ɗago kai.

"Me ya sa?"

"Mai ciki ta fi kowa buƙatar masu gadin nan. In suka tafi, ƙwayoyin kan iya haurawa sama. Ba kullum ba, amma yakan sa ruwa ya fashe tun lokaci bai yi ba."

Auta ta ga jinin fuskar Yaya ya ɗauke. A take ita ma ta tuna.

'Yar Yaya ta fari. Cikinta na farko.

"Yaya, ba dai kin ba ta ba?"

"Cewa na yi... cewa na yi ta riƙa yi don ta haihu da tsafta..."

Yaya ta rarumo jakar daga ƙasa, ta zazzage ta a kan tebur kafin ta samo wayar. Ta kasa danna lambar. Dogo ya karɓa ya danna mata, ya buɗe murya ya ajiye a gabanta.

Ta yi ta ƙara. Har ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Mama?"

"'Yar nan, kwalbar nan da na ba ki, ki jefar da ita yanzun nan. Kin ji ni? Yanzun nan!"

"Mama, dama ina son in kira ki." Muryar ta fito a sanyaye, tana ɗan haki. "Tun da safe wani ruwa ke bin ƙafata. Na ɗauka fitsari ne, na canja zane ya sake jiƙewa. Yanzu kuma bayana ya fara riƙewa."

Malamar gwaji ta ture kujerarta ta matso kan wayar.

"Cikin wata nawa ne?"



Auta ce ta amsa.

"Bakwai."

"Wa ke gidan tare da ita?"

"Ba kowa," in ji muryar cikin wayar. "Mama, wace ce wannan? Mama... wayyo, Mama, ga jini!"